Littafin Yayi Ba Farilla Ba Ne

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya shigo shagona a unguwar Aboabo ta Kumasi, nan Ghana, da wani littafi a hannu, ya ajiye shi a kan teburin da nake yanka yadi. Irin littattafan Turancin nan ne masu bango mai sheƙi, waɗanda yara ke bin motoci da su a cunkoson Kejetia da Adum, masu koya wa mutum yadda zai yi arziki ko yadda zai gyara halinsa cikin kwana kaza. Ya ce, "Kawu, ka karanta wannan kuwa?" Na ce ban karanta ba. Ya ce, "Haba Kawu, kai da kullum littafi ke gefen kekenka? Ai duk wanda ya san abin da yake yi ya karanta shi."

Na tambaye shi abin da ke ciki. Ya kawo mini jimla biyu ko uku da na riga na sha ji a bakin wasu samari, kalmomin ma iri ɗaya. Da na matsa masa sai ya amsa cewa babi biyu ya karanta, sauran a TikTok ya ji bayaninsu, kuma ƙungiyarsu ta masu karatu a WhatsApp har ta zaɓi littafin wata mai zuwa, don haka dole ya yi sauri.

Ban yi masa faɗa ba. Yaro ne mai hankali, kuma a wannan zamani da waya ta cinye idon kowa, saurayin da zai cire kuɗin aljihunsa ya sayi littafi ya cancanci a sa masa albarka. Amma kalmar nan tasa ta "duk wanda ya san abin da yake yi" ta tsaya mini a rai, domin ba tasa ba ce, ɗora masa ita aka yi. Na ji ta a majalisar samari wajen shan ataya, na ji ta a bakin masu jawabi a tarukan matasan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, kuma kullum ma'anarta ɗaya: akwai wasu littattafai da in ba ka karanta su ba, ba a lissafa ka cikin masu karatu. Ni kuwa ban yarda ba. Mutum yana da ikon ya ce ban karanta ba, ba ni kuma da niyya, ya koma ga marubucin da ransa ke so, ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ni tela ne, shekara ashirin da wani abu ina kan keke, don haka ba wanda zai koya mini yadda yayi yake. Duk azumi akwai yadin da kowa ke nema. Mutum goma za su shigo da shi a rana ɗaya, kowa na cewa a yi masa irin ɗinkin wane. Ina ɗinkawa, don sana'ata ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ya fita ranar salla kamar tsaransa. Sai dai na san abin da mai kaya bai sani ba: yadin nan ba don ya fi sauran kyau ya cika gari ba, don shi ne dilolin Kejetia suka shigo da shi da yawa, shi aka rataye a gaban shago, shi wani sananne ya sa aka ɗauki hotonsa. Baɗi war haka ba mai tambayarsa. Haka littafin yayi yake zuwa hannunmu. Wani kamfani a Amurka ko Ingila ya zuba kuɗin talla, masu buga na jabu suka ga yana tafiya suka buga dubbai, yaron da ke talla a titi ya ɗauki abin da zai sayu kafin motoci su motsa. A duk wannan tafiya ba inda aka tsaya aka tambayi me ɗan Zangon Kumasi ke bukatar ji.

Marubucin da na fi so na same shi ne ta hanyar da ba talla a cikinta. A ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, wani maƙwabcin mahaifina ya tattara iyalinsa ya koma Nijeriya. Abin da ya kasa ɗauka ya bar wa maƙwabta. Rabon mahaifina shi ne wata adaka mai ɗauke da takardu. Ba a haife ni ba a lokacin. Ina ɗan shekara goma sha biyu na buɗe adakar ina neman abin wasa, na tarar da littattafan Larabci, da wani guda ɗaya da aka rubuta da haruffan boko amma ba Turanci ba ne. Bangonsa ya tafi, shafukan farko ma sun tafi. Na fara haɗa baƙaƙen yadda aka koya mana a makarantar gwamnati, sai na ji bakina yana furta Hausa. Har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi. Ban taɓa sanin ana rubuta harshen da muke sayen koko da ƙosai da shi a cikin littafi bugagge ba. Haruffa masu lanƙwasa sun ba ni wuya, Hausar ma ta fi tamu ta Zango zurfi, ina tsayawa in je in tambayi kakata ma'anar kalma, ita kuma ta yi dariya ta ce rabonta da jin wannan tun tana yarinya.

Sai daga baya na san Magana Jari Ce ne na Abubakar Imam, mutumin Kagara da aka haifa a 1911 ya rasu a 1981, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Ina yaro labaran nake bi, in ga yadda za a ƙare. Da na girma sai na koma ina sauraron yadda yake ɗora magana kan magana, inda yake ja da inda yake saki. Da na yi aure na haihu sai na fara ganin abin da yake faɗa game da masu mulki da masu ba su shawara, da yadda mai baki ke juya mai ƙarfi. Littafin bai canza ba, ni ne nake zuwa masa da sabon kai kowane lokaci. Wannan kuwa ba ya samuwa ga wanda aka ba wata ɗaya ya gama ya wuce.

Akwai kuma abin da Imam ya yi da ya kamata masu cewa na ƙi kayan waje su sani. Da yawa daga labaransa daga littattafan Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu ya samo tushensu. Bai haɗiye su yadda suka zo ba. Ya warware su, ya sake ɗinka su a kan awon Bahaushe, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Ya karanta na kowa, amma shi ya zaɓi abin da zai ɗauka.

Na biyu kuwa namu ne na nan ƙasar, kuma abin takaici ne yadda samarinmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba: Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Imam Imoru. A Kano aka haife shi wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya biyo hanyar fataken goro zuwa Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892 ya koma Kete-Krachi, ya zama limami da malamin da ɗalibai ke zuwa wurinsa daga nesa, har ya rasu a can a 1934, shekarar da littafin Imam na farko, Ruwan Bagaja, ya fito a Zariya. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami. Ya rubuta yadda Nasara suka shigo ƙasashen nan suka cinye gari bayan gari, yana gani da idonsa. Tsohon garin da ya zauna ma yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Waƙarsa ta talauci da wadata a bakin wani tsohon malami na fara jin ta a Sabon Zango, yana rera ta daga wasu takardun ajami da suka yi ja don tsufa. Na roƙe shi, ya bar ni na riƙa zuwa bayan la'asar ina kwafa. Abin da ke cikinta duk wanda ya taɓa rasa kuɗin haya ya san shi: yadda matalauci ke magana a taro a yi kamar ba a ji ba, yadda danginsa ke guje masa, yadda ake ɗora masa laifin da bai yi ba, shi kuwa mai dukiya ko ya yi kuskure a ce daidai ne. Lokacin da na fara jin ta ina cikin wani hali. Wutar lantarki tana ɗaukewa dare da rana a shekarun dumso, aiki ya tsaya, bashi ya hau kaina, mutanen da muke gaisawa da fara'a suka fara ɗauke kai. A wannan lokacin an ba ni aron ɗaya daga littattafan arzikin nan, na karanta kusan rabinsa. Abin da na fahimta daga gare shi shi ne talaucina daga tunanina yake, in na gyara tunani kuɗi za su zo. Marubucin bai san akwai garin da tela zai zauna kwana biyu ba wuta ana saura mako ɗaya salla ba. Alhaji Umaru bai ba ni dabarar samun ko sidi ɗaya ba, amma ya gaya mini gaskiyar abin da nake gani a fuskokin mutane, ya nuna mini cewa wani malami mai daraja ya lura da wannan wulaƙanci tun kafin a haifi kakana, ya kuma ga ya isa a rubuta. Na fita daga zauren nan ina jin ni mutum ne. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

A Turanci ma ina da nawa. Mohammed Naseehu Ali ɗan Kumasi ne, ɗan Zango, kuma littafinsa The Prophet of Zongo Street da ya fito a 2005 yana ɗauke da mutanen da na sani: mai shayi, malamin unguwa, yaran layi masu tsokana. Ranar da na karanta labarin mai shayinsa na ajiye littafin na leƙa waje, ga namu mai shayin yana fifita wuta. Ban taɓa ganin yaro yana tallar wannan littafi a titin Adum ba.

A nan ne maganar ta wuce ni da ɗan yayata ta zama ta jama'a. Matsin lambar karanta littafin yayi a ko'ina yana da illa, amma a Zango yana da wani dafi na daban, domin yana zuwa ne a kan tsohon miki. An daɗe ana ce mana mu ba mu yi karatu ba. Mahaifina ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gaban malami, yana rera Ishiriniya da ka, yana rubuta wasiƙa da ajami zuwa ga 'yan'uwansa. Duk da haka in ya je ofis a kan ɗauke shi jahili saboda ba ya sa hannu da boko. Yanzu kuma jikokinsa sun yi bokon, sai aka sake kafa musu wani shinge: karatu shi ne waɗannan littattafai goma da duniya ke magana a kansu. Yaron da ya yarda da haka zai dubi adakar kakansa ya ga tarkace.

Kuma mu da muke da tamu hanyar karatu, wadda ta saba wa wannan gaggawa tun daga tushe. A zaure ba a tambayar littafi nawa ka karanta bana. Littafi ɗaya za ka riƙe, ka karanta layi biyu ko uku, malam ya fassara ya warware, ka tafi ka maimaita, gobe ka dawo ka biya. Kana iya shekara a kan littafi guda, in ka sauke ma wani lokaci ka sake shi a gaban wani malamin don ka ji yadda shi zai buɗe shi. Ana tambayar a wurin wa ka karanta, domin an san littafi ba ya shiga mutum sai da zama. Ban ce a mayar da kowane labari karatun zaure ba. Amma al'ummar da ta gaji wannan haƙuri bai kamata a zo a koya mata cewa mai karatu shi ne wanda ya jera hotunan bango hamsin a Facebook kafin ƙarshen shekara ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu maganganun suna da nauyi. Za a ce littafin yayi shi ke jawo yara su fara karatu, in ka hana su shi ba Imam za su ɗauka ba, waya za su koma. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a hana kowa ba. Wanda ya karanta ya ji ya amfane shi, Allah ya ƙara masa. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi ma'aunin hankali. Za a kuma ce idan jama'a suka karanta abu ɗaya suna samun abin tattaunawa, wannan ma haka ne. To amma wace tattaunawa ake yi a kan littafin da rabin masu maganar ba su wuce babi na biyu ba? Na zauna a irin wannan majalisa. Kowa na jefo jimlar da ya haddace, ba mai cewa ban yarda da marubucin a nan ba, domin kafin ka yi jayayya da littafi sai ka zauna da shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada kuma a ɗauka ina raina abu don jama'a na son sa. Magana Jari Ce kansa ai ya cika ƙasar Hausa, an karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Kuma matsin lamba yana da fuska ta biyu wadda na tsana daidai da ta farko, wato ta masu ganin su ne manyan masana, da ke yamutsa fuska in sun ga mace da littafin soyayya. Littattafan nan da suka ɓarke a kasuwar Kano tun ƙarshen shekarun 1980 sun sha zagi, a 2007 har an ƙone wasu a bainar jama'a a can. Amma su ne suka koya wa mata da yawa karanta Hausar boko, a cikinsu ne aka yi maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci lokacin da manyan masana suka yi shiru. Maiɗakina tana da marubuciyar da take bi shekara da shekaru, da a takarda, yanzu a waya. Ta san salonta, ta san inda ta yi ƙoƙari da inda ta yi kasala, har takan ce wannan karon ba ta kyauta wa jarumar ba. Wannan ita ce mai karatu ta gaske, kuma duk wanda ya ce ta bar wannan ta ɗauki abin da ya fi "daraja" ya yi mata irin laifin da ɗan yayata ya so ya yi mini.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa wanda ya liƙe wa marubuci biyu ko uku zai zama mai ƙuntataccen tunani. Akwai haɗarin haka, ban musa ba. Sai dai abin da na gani a rayuwata shi ne marubucin da kake so shi ke miƙa ka ga wani. Alhaji Umaru ne ya sa na nemi tarihin Salaga da cinikin goro da na bayi, daga nan na kai ga littafin Ayesha Harruna Attah, The Hundred Wells of Salaga, na 2018, wanda ya nuna mini garin ta idon mata biyu, ya kuma tilasta mini kallon abin da kakanninmu fatake suka yi da hannunsu a wannan kasuwa. Bai yi mini daɗi ba, amma na gode da na karanta. Ƙafata ce ta kai ni, ba a tura ni ba, shi ya sa ya zauna.

Abin da ya rage shi ne ko yaranmu suna da inda za su yi irin wannan tuntuɓe da na yi da adaka. Hukumar harsunan Ghana tana buga littattafai a harsuna goma sha ɗaya, Hausa ba ta ciki, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shiri da ita kuma ana cinikayya da ita daga Bawku har Nima. UNESCO ta ba Accra kambun birnin littafi na duniya na 2023, aka yi bukukuwa. An kafa asusun raya Zango da doka tun 2017. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru da na wasu malaman ƙasar nan suna ajiye a cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon tun da aka tattara su a shekarun 1960. Ina ganin ba abin da zai gagara ba ne a ɗauko waƙoƙin nan a buga su da ajami da boko gefe da gefe, a ƙaramin littafi mai araha, a kai makarantun Islamiyya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Masu hali a cikinmu da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da ta karatun Alƙur'ani za su iya wannan ko gwamnati ba ta motsa ba. Ƙungiyoyin karatu na samari kuma, waɗanda nake yaba wa ƙoƙarinsu, ina roƙonsu abu ɗaya: ko sau ɗaya a wata uku a bar zaɓen littafi guda ga kowa. Kowa ya zo da wanda ya fi so, ko na Hausa ne, ko na Larabci, ko na Turanci, ko wanda bangonsa ya yage, ya faɗi dalilin da ya sa yake komawa gare shi.

Ɗan yayata ya dawo ranar Talata karɓar kaftaninsa. Kafin ya zo na ɗauko tsohon littafin adakar daga gida, wanda na ɗinke bayansa da zaren keke tun shekarun baya. Na ce ya zauna a benci ya karanta mini shafi ɗaya ina aiki. Ya fara yana tuntuɓe, yana karanta ƙ kamar k, yana tsayawa yana tambaya, "Kawu, mene ne wannan kalmar?" Wasu na gaya masa, guda biyu na ce ya kai wa kakarsa. Ya gama shafin bai tsaya ba, ya juya na gaba. Da aka kira magariba ya tambaya ko zai iya tafiya da shi. Na ce a'a, wannan ba ya kwana a waje, amma bencin yana nan kullum bayan la'asar. Nasa littafin mai sheƙi ya manta shi a kan teburin yanka, na ajiye masa a kan shiryayye kusa da kwalin zare.